Rasuwar Gwaggo Mai Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da har yau ba ta miƙe ba, mai hoton bakin tasha yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar babbar kyamararsa ta katako, wadda yaran gida suka laƙaba wa suna Gwaggo. Ta rasu a bakin aiki, a gonar mahaifinsa, bayan faɗuwa guda da ba ta tashi ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne da tsufanta. Ranar da mai hoton ya je shagon tsofaffin kaya, ƙananan kyamarori na nan birjik, irin waɗanda ake ratayawa a wuya a yi ta yawo, amma idonsa ya tsallake su ya sauka kan wadda sai da mai shago ya yi nishi kafin ya sauko da ita. Matarsa ta dube shi ta dubi kayan, ta ce ya fita neman kyamara ya dawo mata da kabad. Shi kuwa sai ya gyara mata wuri a ɗaki, don so hana ganin laifi ne.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da natsuwa. Kafin ta kalli mutum sai an kafa mata ƙafafunta uku, an ja wuyanta na fata mai kama da zugazugin maƙera, mai ita ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi ya leƙa gilashin bayanta, inda take nuna masa duniya a kife, ƙafa sama kai ƙasa. Sannan a zura mata kuben fim, wato ɗan gidan da ke kare fim daga haske, a zare marfinsa, kowa ya riƙe numfashi. Sai ta ce "zirrr… ƙyas." Shi ke nan, ta gama magana. Fim ɗaya, hoto ɗaya. In ka ƙifta ido, da ƙiftawarka za ka koma gida. Ta koya wa mai ita haƙuri da ƙarfin tsiya, ta hau da shi duwatsu ta sauko da shi rafuka, kuma ko sau ɗaya ba ta taka da ƙafarta ba, kullum a goye take.

Wannan halin nata ne ya sa mahaifinsa ya yarda da ita. Tsohon bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba. Jikoki in suka ɗaga masa waya korarsu yake yi, yana cewa abin da zai ƙyasta mutum ba sallama ai ba shi da tarbiyya. Gwaggo kuwa, in ji shi, tana da kunya, tunda sai an rufe kai ake kallon mutane da ita.

Ta jima tana fama da ciwon tsufa, fatar wuyanta na tsagewa ana liƙewa. Amma ajalinta a gona yake. Da aka ce sabon titi zai ratsa ta gonar, tsoho ya ce a kai shi a ɗauke shi hoto a gindin tsamiyar da ya shuka da hannunsa, kafin motocin aikin titin su iso. Ranar akwai hadari, iska na kaɗawa. Ya gyara hula, ya dafa tsamiya, Gwaggo ta ce "zirrr… ƙyas." Nan take tsoho ya yanke jiki, ya fara sulalewa ƙasa. Ɗansa ya ruga ya tare shi, ya bar mayafin rataye a kan kyamara. Duk ɗan sana'ar nan ya san ba a yin haka in ana iska. Iska ta cika mayafin, ta tafi da Gwaggo ta kifa fuskarta kan dutse. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙwaras." Kafinta ya duba, mai gyaran agogo ya duba, kowannensu ya girgiza kai ya ba da haƙuri.

Abin da ke cin ran mai ita ya wuce mutuwar. Kuben fim ɗin ya tsira, marfinsa a rufe, amma ya kasa tuna yaushe ya rufe shi. In kafin ya ruga ne, mahaifinsa na nan ciki tsaye da tsamiyarsa. In kuwa bayan faɗuwar ne, lokacin da yake tattara kaya, to haske ya riga ya cinye komai. Gonar an baje ta, tsamiyar an sare ta, tsoho tun ranar yana kwance, kuma kowace safiya tambayarsa ɗaya: hoton ya fito? Ɗan sai ya ce bai samu sukunin wankewa ba. Ƙarya yake yi, tsoro ne ya hana shi.

Marigayiya ta bar ƙafafu uku, ɗaya gurguwa. Ta bar baƙin mayafi da ba wanda ke son kallonsa, da ciwon baya, da matar gida wadda ta yi shekaru tana mata tsiya amma jiya aka gan ta tana goge katakon da bakin zane. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a mayar da ita cikin akwatinta gobe da hantsi, bayan an wanke fim ɗin da ta bari. Masu ta'aziyya su zauna a baranda, su kashe fitilun wayoyinsu, kuma kada kowa ya taɓa ƙofar ɗakin duhun da ake wanke fim. In mai hoto ya fito da abu a hannu, a bi shi ɗakin tsoho. In ya fito hannu wofi, ana roƙon jama'a kada wani ya riga shi shiga da labari. Shi zai gaya wa mahaifinsa da bakinsa.