Nomau a Kasuwar Laraba

A can Rafin Gawo, zamanin da kasuwar Laraba ke ci a inuwar ɗorawa, tun ba a san shagon bulo ba balle leda, an yi wani mutum wai shi Nomau. Ƙato ne, gemunsa har ya fara furfura, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Su biyu ne a gida, shi da uwarsa Inna Marka, wadda ba ta taɓa fashin kasuwa ba sai da ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Abu ɗaya ke cin ranta: in ta mutu, wa zai ciyar da wannan bawan Allah da ko gishiri bai iya saye ba? Sai ta ƙudura koya masa cefane tun tana da sauran numfashi.

Wata rana ta miƙa masa kwando, ta ce, "Auta, ba a faɗa wa kasuwa da ka. Ka gaisa da mutane kafin ciniki." Nomau ya fara daga bakin kasuwa. Ya durƙusa wa masu hatsi, ya yi wa mahauta sannu da aiki, ya tambayi 'yan koli iyalansu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi masu nono lafiyar shanu. Kafin ya kai rumfar ƙarshe kasuwa ta watse.

"Ina cefanen?" in ji Inna.

"Ai ban gama gaisuwa ba, Inna, sai mako mai zuwa."

Wata rana kuma ta ce kada ya sayi komai sai ya ɗanɗana, don kada a cuce shi. Ƙuli-ƙuli ya wuce lafiya. Barkono ya sa shi hawaye, kanwa ta ƙona masa harshe, bai fasa ba. A gaban mai sabulun salo ne Lanti mai daddawa, tsohuwar ƙawar Inna, ta tarar da shi kumfa na zuba daga bakinsa, ta ja shi rumfarta ta yi ta ɗura masa ruwa. Da ya koma gida ya ce, "Inna, sabulun bana ba daɗi, ban saya ba."

Wata rana ta koya masa sirrin ciniki: "In ka taya aka ce albarka, ka juya ka kama tafiya. Kada ka waiwaya, za a kira ka." Ya taya tabarma wajen wani mai tabarmi, Sallau, Sallau ya ce albarka, Nomau ya juya. Sai wani mai saye ya ɗauke wa Sallau hankali. Nomau ya fita kasuwa, ya wuce filin idi, ya haye rafi, kunnensa na baya. Sai da Sallau ya ari keke ya cim masa a bakin garin gaba, yana haki yana ihu, "Nomau, dawo ka ɗauka!"

"Inna ta yi gaskiya," in ji Nomau.

Da labarin ya kai wa Inna Marka ta yi dariya, ta yi dariya, har dariyar ta koma kuka. Ta sallama cewa ɗan nan ba zai taɓa iyawa ba.

Wata rana miya ta rasa daddawa. Inna ta ce, "Daddawa kam kada ka saya sai na sunsuna da hancina." Nufinta ya karɓo 'yar kaɗan ta ji. Nomau ya aro amalanke, ya shimfiɗa tabarmar Sallau, ya sunkuci uwarsa kamar damin gero ya ɗora. Ita kuwa ba abin da ta tsana irin a gan ta a nakashe.

"Sauke ni, ja'iri! Za ka tona mini asiri!"

Tana bugunsa da mafici, yana turawa, har tsakiyar kasuwa. Ƙamshin tsire da na man gyaɗa suka doki hancinta, ta ajiye maficin. Sai Lanti ta rangaɗa guɗa ta rungume ta. Nan da nan aka yi mata zobe: mahauta, masu hatsi, masu nono, kowa da abin da ya ajiye a amalanken.

Inna ta goge ido, ta nuna Nomau, ta ce, "Kun ga abin da zan bari a duniya."

Lanti ta ce, "Haba Marka! Duk kasuwar nan ba mai tambayar 'ya'yanmu da sunansu sai ɗanki. In dai Laraba na ci, Nomau ba ya kwana da yunwa." Sallau ya ce, "Ko da kuwa sai na sayi keken kaina."

Inna ta karɓi daddawar, ta sunsuna a hankali, ta ce, "Saya, Auta."

Nomau ya gaida Lanti, ya lasa, ya taya, sannan ya juya ya kama hanyar rafi ba waiwaye. Kasuwa gaba ɗaya ta ɗauka da murya ɗaya: "Nomau, dawo!"

Inna Marka ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma wannan karon ba kuka a ƙarshenta.