Maki Ɗari Biyu na Epa Erhabor

"Ticha, rubuta ka ajiye," in ji Epa Erhabor, yana dukan ƙirji har murjanin wuyansa na tsalle. "Ranar Asabar yaran Uromi za su koma gida suna kuka da majina. Kurket? A garin Benin kaf, daga Ikpoba har Ugbowo, in ka cire ni sauran duk 'yan kallo ne. Ni da na yi wasa a Legas gaban Gwamna!"

Gaskiya ne, ya yi wasa gaban Gwamna. Sai dai waɗanda suka yi makaranta da shi sun ce wasan nasa shi ne tsayawa a kan benci yana rataya lambobin gwangwani a jikin allon maki. Tun daga ranar, a wurin Epa, kurket ba komai ba ne illa lamba ta yi girma a allo mutane su gani. Shi ya sa muke kiransa Sarkin Allo, amma fa sai ya ba da baya.

Ni ne Osaro, malamin lissafi. Shekara shida ina horar da 'yan ƙasa da shekara goma sha ɗaya a zangon ƙarshe na shekara, muna wasa tsakanin ruwan jiya da na gobe. Bana aka zaɓi Epa shugaban iyayen yara. Dillalin siminti ne, aljihu da nauyi, sai ya sayo mana sandunan bugu sababbi da fararen kaya. Madam mai makaranta ta ga kaya ta ce daga yau Epa ne manaja. Ni kuma aka miƙo mini littafin maki da fensir, aka nuna mini inuwar mangwaro.

Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji. Amma abin da ke gabanmu ya fi haushina girma. Wasan Asabar shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya zo na ɗaya a jiha zai tafi gasar Legas. Uromi sun ɗara mu da maki ɗaya a tebur, saboda haka canjaras ya ishe su, mu kuwa sai mun ci. Cikin yarana goma sha ɗaya, tara ba su taɓa ganin teku ba. Uyi, kyaftin ɗinmu, har ya tambaye ni ko ana barin mutum ya ɗebo ruwansa a gora ya kawo gida.

Kai da ba ka san wasan ba, matso in gaya maka abu ɗaya, don a nan labarin yake. Ɓangare ɗaya na bugu suna tara maki, ɗaya ɓangaren na jifa suna neman fitar da masu bugun ɗaya bayan ɗaya. In masu bugu suka ga abin da suka tara ya ishe su, sai su ce "ya isa", su ba abokan karawa su buga. Amma ba ka ci wasa ba sai ka fitar da mutum goma na abokan karawarka kafin lokaci ya cika. Ko maki dubu ka tara, in ƙarfe biyar ta buga akwai sauran ɗaya a tsaye, canjaras ne. Yaron aji uku ya san wannan.

Aka fara ƙarfe goma sha ɗaya, mu ke bugu. Yarana suka yi abin kirki, musamman Efosa, ɗan Epa ɗin, yaro mai natsuwa da ban san inda ya gado ta ba. Ƙarfe ɗaya muna da ɗari da goma. Na taso daga gindin mangwaro.

"Epa, ya isa haka. Uromi ba su taɓa wuce saba'in ba bana. Mu ba su su buga, muna da awa huɗu."

"Ɗari da goma?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Ticha, wannan ai makin masu jin kunya ne. Koma ka fere fensirinka."

Na koma na fere. Ƙarfe biyu saura kwata muna da ɗari da sittin. Uyi ya zo yana murza hula a hannu.

"Epa, sa, don Allah mu tsaya haka. Lokaci na tafiya, sa."

"Kai yaro, ka taɓa zuwa Legas?"

"A'a, sa."

"To ni na je. A can ba a kallon mai ɗari da sittin. Jeka zauna."

Daga nan ya ce a jira Efosa ya cika hamsin. Efosa ya cika hamsin, ya waiwayo yana yi wa uban alama da hannu cewa ya isa. Epa ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa hannu biyu, ya ce yanzu kuma sai ɗari biyu. Shi da kansa ya ture yaron da ke kula da allo, ya hau benci da tumbinsa, yana canza lamba yana waiwayen iyaye mata ya ga ko suna kallo. Sai uku saura kwata, da ɗari biyu da goma sha huɗu, sannan ya yarda aka tsaya. Bai sauko ba sai da aka ɗauke shi hoto kala uku.

Sai hutun shayi. A al'ada minti ashirin ne, biskit da lemo, kowa ya koma fili. Amma Epa ya kafa rumfa, ya kawo masu girki, ga sakwara da miyar agushi, ga dafa-duka, ga kaji, ga kuma lasifika. Ina ganin lasifikar nan na duba agogo.

Ya yi jawabi. Ya gode wa Madam, ya gode wa kansa, ya bi tarihin kurket tun daga Turawa har zuwa haihuwarsa. Ina nuna masa agogo yana ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Da ya zo rufewa, sai Ticha Ebehi, malamar yaran Uromi, wata 'yar siririya mai tabarau, ta miƙe cikin ladabi.

"Epa, mu baƙi ne. An ce ka yi wasa gaban Gwamna. Yarana za su so su ji."

Wayyo ni. Na rufe fuska da littafin maki. Epa ya gyara zane a kafaɗa, ya sake kama lasifika da hannu biyu. Ya kai ga inda Gwamna ke miƙa masa hannu, ta ce, "A wace shekara ke nan, Epa?" Ya koma baya ya faro daga shekarar. Yaranta suna zaune a jere suna tafi duk inda ta tafa. Ba a koma fili ba sai huɗu saura minti ashirin da biyar.

Duk da haka, wallahi yarana sun yi ƙoƙari. Akwai wani Osas, mai jifa kamar da majajjawa, shi kaɗai ya fitar da biyar. Huɗu da minti ashirin mun fitar da bakwai, Uromi na da maki talatin da ɗaya. Na fara ganin teku da idona. Sai na ji murya daga bakin igiyar da ta kewaye filin.

"Uyi! Karɓi ƙwallon nan ka ba Efosa! Shi zai ƙarasa su!"

"Baba, ni ban iya jifa ba!" in ji Efosa daga tsakiyar fili.

"Jinina ne a jikinka, jefa!"

Efosa ya jefa. Na farko ya bi ta gabas. Na biyu ya kusa cire wa alƙali hula. Na uku ya tsallake mai bugu, ya tsallake mai tsaron baya, ya yi tsalle biyu ya faɗa gonar ayabar da ke bayan shinge. Mu ashirin muka shiga nema, har da Epa, wanda ya fito da tururuwa cikin zane amma ba ƙwallo. Minti goma suka tafi a nan kafin aka gano shi.

Aka mayar wa Osas ƙwallo, ya fitar da na takwas. Da ya jefa na gaba ya bugi ƙafar yaro, alƙali ya girgiza kai ya ce bai fita ba. Alƙalin kuwa Pa Aigbe ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin da ko gaisuwa ba ya tsawaitawa. Epa ya ƙetare igiya ya shigo fili, yana susa yana kwatanta yadda ake yanke irin wannan hukunci a Legas. Pa Aigbe ya harɗe hannu ya bar shi ya gama tsaf.

"Ka gama, Epa? To ba za a ci gaba ba sai ka fita. Ni ba na sauri."

Biyar saura kwata muka fitar da na tara. Saura ɗaya. Sai ga na ƙarshensu ya taho, wani ɗan mitsitsi mai suna Akhere, kariyar ƙafarsa ta kai masa har ciki, yana jan sanda a ƙasa kamar an aike shi da taɓarya. Epa ya tuntsire da dariya.

"Wannan? Ko atishawa Osas ya yi ya faɗi!"

Osas ya jefa. Akhere ya dasa sanda a gabansa, ƙwallo ya bugu ya mutu a wurin. Ya sake jefawa, haka. Ya sake, haka. Yaron nan bai ɗaga sanda ba, bai yi gudu ba, bai nemi maki ko ɗaya ba. Abokinsa na ɗaya gefen, don bibbiyu ake bugu, ya ga abin na tafiya, shi ma ya kama.

"Kai ɗan tsako!" Epa ya ƙwalla. "Buga mana! Namiji ba ya tsayawa haka! In babanka na nan zai ji kunya!"

"Ticha ta ce in tsaya kamar turmi, sa," in ji Akhere, ko waiwayowa bai yi ba.

A lokacin ne fa Sarkin Allo ya fara gane cewa lambar da ke allo ba ta jifa. Gumi ya karyo masa. Na ga yana zagaya rumfa, can na hango shi a kan benci a bayan ɗakin ajiya, inda agogon makaranta ke rataye, yana tura doguwar allurar baya da ɗan yatsa. Da ya sauko, agogo ya ce huɗu da rabi. Ya dawo yana fito kamar ba shi ba.

Pa Aigbe ko kallon bangon bai yi ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu.

"Epa, ka wahalar da kanka. Shekara talatin ina sallamar jirgi da wannan na hannuna. Saura jifa shida."

Har masu wanke tukwane suka tsaya kallo. Ɗaya, turmi. Biyu, turmi. Uku, huɗu, biyar, turmi. Osas ya goge ƙwallo a wando, ya ja baya fiye da kullum, ya taho da duk abin da ya rage a jikinsa. Ƙwallo ya yi tsalle, ya bugi bakin sandar Akhere, ya tashi sama a hankali, sama sosai, ya juyo yana saukowa daidai kan Uyi.

In ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, Akhere ya fita, mun ci, kuma Uyi bai taɓa yar da ƙwallo ba duk zangon nan. Ya buɗe hannu, ya ce "Nawa ne!" yadda na koya musu, don in mutum ɗaya ya kira sauran su kauce kada a yi karo. Na riga na ɗora fensir a kan takarda.

"EFOSA! BAR WA EFOSA!"

Da lasifika Epa ya faɗa. Uyi yaro ne mai tarbiyya, babba ya yi magana, sai ya janye hannu ya ja da baya. Efosa kuwa yana can ɗaya ƙarshen fili, tsakaninsa da ƙwallon ya kai taku arba'in. Ƙwallo ya sauko ya faɗi tim a kan ciyawa, a daidai inda ƙafar Uyi take.

Pa Aigbe ya duba hannu, ya zare turakun da ake jifa, alamar an tashi. Mu ɗari biyu da goma sha huɗu, Uromi arba'in da ɗaya. Canjaras.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo, har yanzu. Uyi ya zauna a inda yake ya kifa kai a gwiwa. Efosa ne ya fara zuwa wurinsa, ya zauna kusa da shi. Na bi su ɗaya ɗaya ina cewa baɗi ma shekara ce, ina faɗa ina jin muryata ba ta gamsar da ni kaina ba.

Shi kuwa Epa, kafin a gama naɗe igiya ya farfaɗo. Ya tara iyaye a gaban allo yana bayani.

"Ku dubi lamba! Ɗari biyu da sha huɗu, arba'in da ɗaya! A Legas wannan ci ne. Dokar ƙauye ce ta cuce mu, da alƙali, da kuma Ticha da bai tuna mini lokaci ba."

Yana cikin haka yaran Uromi suka taho a jere, Ticha Ebehi na bayansu. Ƙa'ida ce a ba gwarzon wasa ƙwallon da aka buga ya tafi da shi, kuma Pa Aigbe ya riga ya ba Akhere. Yaron ya zo gaban Epa, ya rusuna, ya miƙa masa ƙwallon da hannu biyu. Epa ya washe baki, ya karɓa ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Kun gani? Ko abokan gaba sun san gwani! Ɗana, faɗa musu da ƙarfi, me ya sa ka kawo mini?"

Ya kara masa lasifika a baki. Akhere ya ɗaga murya.

"Mun yi shawara ne, sa. Ni minti sha biyar kawai na tsare mana. Ticha ta ce sauran awa biyun duk kai ne."