Zabuwa Mai Ƙafa Ɗaya

Wani mutum ne a Tudun Gwanki, Tanimu, ana ce masa Bakin Ganga. Ko maɓallin rigarsa ya tsinke sai ya kai wa tela, amma in ya zauna majalisa, wai kakansa ne ya koya wa gizo-gizo saƙa.

To, sai ya ƙyalla ido ya ga wata bazawara, Hansatu, a ƙauyen gaba. Uwarta Inna Yalwa ta ce ita fa 'yarta sai mai sana'ar hannu. Gogan naka ya garzaya kasuwa, ya sayi mayafi saƙar hannu wajen dillaliya. An yi wa mayafin ado da surar ganyen rogo da jerin zabi, abin sai wanda ya gani.

Ranar gaisuwa ya durƙusa a tsakar gida, mata sun cika maƙil. Ya warware mayafin, fal!

"Inna, ga ɗan aikin hannuna. Wata uku ban ɗaga kai ba."

Tsohuwa ta shafa, ta juya. "Ikon Allah! Ɗan nan, ina haɗin? Na san saƙar maza siri-siri ce, sai an ɗinke. Wannan kuwa faɗi ɗaya, irin tamu ta mata."

Da mai kunya ne, da nan ya tsaya. Ina! Tanimu ya gyara hula.

"Ai ni na wuce nan, Inna. Masaƙata daban ce, ni na ƙera abata."

"Madalla. Wannan zabuwar ta ƙarshe fa? Na ga ƙafarta ɗaya."

"Yauwa! Nan gwanintar take. Kwana bakwai ina laɓe a gona ina kallon zabi. In sun ji sanyi sai su naɗe ƙafa ɗaya. Ba kowa ya san wannan ba."

Hansatu ta toshe baki da gefen zane. Inna Yalwa ta gyaɗa kai, ta jawo kwandonta, ta zaro allura da shuɗin zare. Caka, caka, caka, sai ga ƙafa ta fito, ba ta da maraba da sauran.

"Ba sanyi ta ji ba, ɗan nan. Zare ne ya ƙare mini, dillaliya kuma tana ta azalzalata. Allah ya yi maka albarka da ka dawo mini da shi na ƙarasa."

Mata suka kwashe da shewa, har da masu faɗuwa. Tanimu ya miƙe zumbur, ya yi waje, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin zaure.

Inna Yalwa ta ɗaga murya: "Hansatu, miƙa masa takalminsa, kada a ce shi ma sanyi ya ji!"