Ranar Da Na Ciji Sarkin Rum

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Riyad ba. Lokacin ina jinyar wani dattijo Balarabe a gidansa. Shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a Saudiyya, kuma a makon nan ne zai sabunta mini iƙama, takardar izinin zama.

Ni da bakina na jawo. Kullum ina cika masa baki cewa a shagon gwal na tashi a Kano, ko a duhu ina gane zinare (gaskiyar magana, shara nake yi a shagon kawuna). Ranar sai ya buɗe wani ɗan akwati, ya ɗora mini wata tsohuwar tsabar kuɗi ta zinare a tafin hannu.

"Ya waladi, ɗana, wannan Ƙaisar ne, sarkin Rum," in ji shi. "Ka ga rawanin ganye a kansa? Alamar nasara ce. Fuskar nan ita ke gaya wa mutanen da ba su taɓa ganinsa ba wane ne mai mulkinsu. Kusan shekara dubu biyu ke nan, ko ƙwarzane babu."

Da mai hankali ne, da ya ce masha Allah ya mayar. Ni kuwa sai na gyara zama, na ce, "Baba, bari in tabbatar maka ko na gaske ne." Na kai baki na gartsa.

Ashe zinaren Rumawa tsantsa ne, laushi gare shi. Da na ciro, ga shatin haƙorina raɗau a kumatun Ƙaisar!

Innalillahi! Dattijo ya buɗe baki ya kasa rufewa, carbinsa ya zame ƙasa. Ni kuwa a zuci har na haɗa jakata a masaukina na unguwar Manfuha, ina tunanin abin da zan faɗa wa matata a gida.

Ya daɗe yana juya tsabar. Can ya ce, "Daular nan ta rushe, fuskar nan ba ta ji ciwo ba, sai da ta haɗu da kai. To gwani, na gaske ne?"

Na ce, "Na gaske ne, Baba."

Ya sabunta iƙamar, Allah ya saka masa. Amma har na bar gidan, duk sanda zan auna masa jini sai ya ce, "Da na'ura dai, ba da haƙori ba."

Tun daga ranar, komai aka nuna mini, hannuwana a baya, bakina a rufe. Haƙorina na tuwo ne.