Bokiti a Sama, Gwiwa a Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba ko da na so, domin har yau in na ga zoɓo a kofi sai na ji sanyi a ƙeyata.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai aka tura ni wata makarantar 'yan mata a Gwaram in koyi aikin koyarwa. Ni 'yar Wurno ce, don haka na sauka a gidan Goggo Habi, ƙanwar babana. Fiziks nake koyarwa, kuma (Allah ya yafe mini) ji nake duk Jigawa ba wanda ya kai ni. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Kwaleji za ta turo malami ya zauna a ajina sau ɗaya tak ya ba ni maki. In ya ce na ci, na gama tare da 'yan ajinmu. In ya ce ban ci ba, sai baɗi. An faɗa mini rana da lokaci, amma ba a faɗa mini wanda zai zo ba.

Darasin makon shi ne na abin da ke zagaya da'ira da gudu iri ɗaya, ba ƙari ba ragi. A littafi ba wuya. Gudun bai canza ba, amma inda abin ya dosa kullum canzawa yake, saboda haka dole akwai ƙarfin da ke jan sa zuwa tsakiya, in ba haka ba miƙewa zai yi. Kwana biyu na yi ina zana da'ira da kibiyoyi a allo, yaran nan suna ta gyaɗa kai. Na san irin gyaɗa kan nan sarai, ni ma na yi wa malamai.

Sai dabara ta faɗo mini: in zuba ruwa a bokiti in wulwula shi sama da ƙasa, su ga ya kife a saman kaina ruwa bai zubo ba. Na koma bayan ɗakin Goggo ina ta gwaji da ƙaramin bokitinta na roba. Ta leƙo ta daɗe tana kallona.

“Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Wannan boko ne ko iska?”

“Kimiyya ce, Goggo.”

“To, Allah ya yaye.”

Kafin Laraba na ƙware, ina yin ashirin ko ɗigo bai faɗi ba. A nan ya kamata in tsaya. Amma sai iyayi ya ce mini ai na bayan aji ba za su ga farin ruwa ba, gara mai launi. Na roƙi Goggo zoɓon da ta jiƙa, ja wur. Sannan na ɗauko farin hijabina na Sallah na goge shi (mai karatu, na san abin da kake tunani, ni ce dai ban yi tunanin ba).

Ƙarfe goma ta yi, kujerar da na ajiye wa baƙo a bayan aji ba kowa. Goma da kwata, shiru. Na ce wataƙila mota ce ta ba shi matsala a hanyar Birnin Kudu, bari in ci gaba. Na sa aka ja bencina baya, na tattare hijabi, na kama bokiti. Na ce su lura, a sama ƙasa tana jan zoɓon kamar kullum, amma muddin akwai gudu, jan nan lanƙwasa masa hanya kawai zai yi. Na fara. Ɗaya, biyu, uku. Ajin ya ɗauki “Laaa!” Wata har da miƙewa tsaye. Wallahi daɗi ya kama ni, na ji yau na zama malama.

“Salamu alaikum.”

Muryar na fara ganewa kafin fuskar. Baba Isyaku ne, aminin babana tun suna yara, wanda ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Na san yana aiki a sashen ilimi na kwalejinmu, amma ko a mafarki ban kawo shi za a turo ba. Tun da na iya tafiya ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Kaina ya san bokiti na sama. Gwiwoyina ba ruwansu. Kafin in yi shawara da kowa na kai ƙasa, hannu ya tsaya cak, bakina na cewa, “Baba, ina kwa...”

Ban ƙarasa ba. Zoɓon ya sauko mini gaba ɗaya, bokitin ya biyo bayansa ya zauna mini a ka. Da na cire shi, sai na ga har farar rigar Baba da takardar makin da ke hannunsa sun sami rabonsu. Wata ta kasa riƙe dariya, sai gaba ɗaya ajin suka fashe. Ina durƙushe, zoɓo na bin bayana, idona ya ciko. Na ce shi ke nan, shekara ta tafi, kuma labari zai riga ni isa Wurno.

Baba bai ko kalle ni ba. Ya yarfe takardarsa, ya juya ga yaran.

“To, 'yan mata, dariya ta isa. Da can me ya hana shi zubowa?”

“Gudu, Malam!”

“Yanzu fa?”

“Malama ta tsaya gaisuwa!”

Ya danne dariyarsa da tari. Ya ce to da hannun bokitin ne ya tsinke ana cikin juyi, ina zai nufa? Yaran da suka kwana biyu suna gyaɗa mini kai sai ga su suna rige-rigen ɗaga hannu. Suka ce ba zai ƙara zagayawa ba, inda ya dosa a lokacin nan zai bi, tunda abin da ke jan sa tsakiya ya rabu da shi. Ya yi ta juya musu tambaya, suna ba shi amsa. Sai da ya gamsu ya dubo ni. Duk rayuwata Auta yake ce mini, amma ran nan cewa ya yi, “Tashi, Malama, ki ƙarasa darasinki.”

Na ƙarasa, ina ɗiga, ƙudaje na yi mini rakiya daga allo zuwa tebur.

Na ci, ba da wani makin a zo a gani ba. Labari kuwa ya riga ni isa gida kamar yadda na zata. Abin da Baba Isyaku ya gaya wa babana shi ne, “'Yarka ta iya aikinta, tarbiyya ce ta so kayar da ita.” Babana kuma har yau ya kasa gane ko yabonsa aka yi.

Ina nan ina koyarwa, kuma duk shekara sai na wulwula bokiti, da farin ruwa. Ladabi ban daina ba. Sai dai yanzu in bokiti na sama, ko kakana ne ya yi sallama, sai ya jira na sauko da shi tukuna.