Katin Kulu

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na bi layin masu ciki a babban asibitin Birnin Kebbi ba. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, kuma duk ciwon da ya gagari ƙauyukanmu can ake kai shi, sai ya ƙi sannan a yi zancen Sakkwato.

Wata huɗu ke nan da rasuwar maiɗakina Kulu. Naƙuda ta zo mata da damina, ruwa ya yanke hanyar fadama, ba mu kai asibiti ba. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Abin da ya rage mai ɗauke da sunanta a rubuce shi ne katin asibitinta, wani ja mai lanƙwasasshen gefe, yana cikin gwangwani tare da katin takin zamani.

Bayan yankan shinkafa kurkunu ya fito mini a ƙafa, ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Malamin shan magani a Argungu ya ce in wuce Birnin Kebbi, in tafi da kati. Ni kuwa a sanina kati na gida ne. Na taki guda ɗaya ake ba maigida, kowa ya ci albarkacinsa (karatuna aji huɗu ne, kuma Turancin da ke jikin katin bai taɓa yi mini magana ba). Na ɗauko na Kulu na hau akori-kura.

Mai gadi ya ga jan kati, ya leƙa bayana kamar yana neman wani, sannan ya nuna mini hagu. Hanyar ma na santa, don nan nake raka Kulu in zauna ƙarƙashin dogonyaro in jira. Ban taɓa shiga ba. Na dai sha ganin tana jefa katin cikin wani akwati a bakin ƙofa, ni ma na jefa, na sami gefen benci na zauna.

Mata ne zalla. Na lura da haka, amma na ce wataƙila maza ba su cika ciwo ran Talata ba. Ta kusa da ni ta ja zanenta ta matsa. Wata tsohuwa da ta rako 'yarta ta dube ni tun daga hula har ƙafa.

"Malam, mi kaka nema nan?"

"Likita, Inna."

"Ina matar taka?"

Sai na nuna mata ƙafata.

"To, Allah shi sauke ka lafiya," in ji ta. Bencin ya kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, don ban ga aibin addu'a ba.

Can wata nas ta fito da katuna a hannu, 'yar kudancin Kaduna ce, ana ce mata Sista. Ta kira biyu suka shiga. Sai ta ɗaga murya: "Kulu Mamman!"

Wata huɗu ba wanda ya faɗi sunan nan a gabana, kowa "marigayiya" yake cewa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Na'am."

Namiji da gemu, ƙafa ɗaya ba takalmi, a tsakiyar masu awon ciki. Wata ta yi dariya har ta riƙe mara.

"Baba, kai ne Kulu?" in ji Sista. "Nan ɗakin awo ne fa!"

Sai a lokacin na ga ma'auni, na ga hoton mai ciki a bango, wanda tun ɗazu yake kallona. Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Matata ce. Ta rasu da damina. Na ɗauka katin na gida ne."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana salati.

Sista ta ce kowa da nasa katin, kuma na wanda ya rasu ofis ake mayarwa a rufe. Ta juya za ta shiga da shi. Kunyar ta sake ni, na bi bayanta.

"Ranki shi daɗe, shi kaɗai gare ni mai sunanta."

Ta tsaya. Ta shiga, ta rubuta wani abu a babban littafi, ta dawo ta sa mini katin a aljihu da hannunta. Sannan ta raka ni har tagar da ake yankar sabo, ta ce wa akawun, "A ba shi na maza, don Allah."

Ƙafa ta warke cikin sati uku. Tsohuwar nan kuwa na sake haɗuwa da ita a kasuwar Argungu, ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta tambaye ni ko na sauka lafiya.

Na koyi cewa asibiti ba rabon taki ba ne, kowa da katinsa, kuma idan ka ga benci ba namiji ko ɗaya, ka tambaya kafin ka zauna. Katunan asibiti biyu ne yanzu a gwangwanin. Kafin in fita nakan duba launi sau biyu, in mayar da jan wurinsa.