Ranar da Na Ce An Sace Sarƙar Moto

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na tara wa Sanusi makaniki jama'a a kasuwar Dantchiao. Har yau in na tuna sai in ji gumi yana keto mini.

Yayana Habibu ne ya dawo daga Agadas da wani ƙaton moto baƙi, babur mai nauyin bijimi, wanda in an tashe shi ƙasa har rawa take. Da zai koma ya bar mini amanarsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Wanda ya yaba moton in ce baki zai yi masa, wanda ya yi shiru in ce hassada ce. Kullum ina goge tanki da madubi, amma ban taɓa sunkuyawa na leƙa ƙasansa ba, don wasu jakunkunan fata sun rufe ƙafar baya.

Da lokacin juyen baƙin mai ya yi, na kai wa Sanusi. (Sanusin nan yayan Rabi ne, yarinyar da nake nema, har manya sun shiga maganar.) Na je sayar da gyaɗata, amma zuciyata tana gareji, tana raya mini abubuwa.

Ina dawowa na tarar ya cire jakunkunan. Na dubi inda sarƙa take zama a kowane moto, babu sarƙa! Sai wata igiyar roba mai haƙora, irin ta injin niƙa. Ga injin niƙa kuwa a maƙwabcin garejin. Nan take na gama haɗa labarin a kaina.

"Sanusi, ina sarƙar?"

"Wace sarƙa? Haka ka kawo shi. Ni ma mamakin da nake ke nan."

Mamaki! Na ce a raina ɓarawo ma ya iya mamaki. Na ɗaga murya har masu awaki suka bar ciniki. Na ce a shaida, surukina ya cire sarƙar waje ya ɗaura mini robar niƙa. Na sa mai injin ya kashe injinsa don in gwada faɗin robarsa da yatsu. (Ba su yi daidai ba, amma na ce ai sun yanke ta.) Idon Sanusi ya yi ja.

Wani dattijo ya ce, "Yaro, kira mai shi mana."

Na kira Habibu, na ƙure muryar waya don kowa ya ji da kunnensa.

"Yaya, an sace sarƙar motonka, an sa roba!"

Sai ya fashe da dariya har yana tari. "Kai, wawa! Da robar aka ƙera shi. Ta fi sarƙa ƙarko, ba ta son mai, tsakuwa kawai za ka kiyaye mata. Wa ka ce ya sace?"

Kasuwa ta ɗauka da dariya. Na lalubi inda ake kashe wayar na rasa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sanusi ya goge hannunsa, ya miƙo mini makulli. "Ɗauki kayanka. Maganar Rabi kuma a dakata. Gobe sai ka ce mun canza maka amarya."

Wannan ta fi dariyar zafi. Sai da damina ta wuce, kawuna ya yi ta sintirin ban haƙuri har takalminsa ya cinye, kafin dangin Rabi su sauko. Ranar da aka kawo mini Rabi, ina tsaye a ƙofar gida cikin abokai, sai ga muryar Sanusi daga baya:

"Ango, a haska fitila ka duba da kyau. Ita ce?"

Ita ce. Zargi dai bai bar ni ba har yanzu, sai dai na koya masa ladabi: ya bari in sunkuya in duba tukuna, kafin ya ari bakina.